Kada Ka Ce Lafiya Lau

A Duluth, bakin tafkin da ba a hango ƙarshensa,
inda jirage ke lodin tama,
nan igiyar ƙarfe ta tsinke ran wata Talata,
ta tafi da yatsu biyu, ta bar mini kafaɗa
tana reto kamar ƙyauren da ƙusarsa ta fita.
Sunana Wendell Harju, shekara hamsin da huɗu.
Kafin tashar jirgi na yi shekara tara cikin kaki,
na baro kunnen hagu a wata hamada
da ba na son kiran sunanta.

Kamfanin inshora ya ce ciwon kafaɗar tsoho ne,
daga soja ka zo da shi, koma can.
Ofishin tsofaffin sojoji ya ce na tasha ne,
ba mu muka tsinka igiya ba.
Masu kuɗin naƙasa kuwa
suka ce ai zan iya aikin zama,
in riƙa amsa waya.
Da wane kunne? Ba wanda ya tambaya.

Jiki ɗaya, ana yi masa rabon gado
mai shi yana tsaye.

Ofishin lauya Lorraine Beaulieu
yana saman shagon wanki.
Bene na rawa duk sanda inji ya juya,
kofin shayinta ya kama hanyar bakin tebur,
ta tare shi ba ta ko duba ba.
Ta ce, yaya jikin?
Na ce, lafiya lau.
Ta ajiye biro.

Ta ce, wannan kalmar ce ta ci maka wata goma.
Ka faɗa wa likita, ya rubuta.
Ka faɗa wa ɗan inshora, ya yi murna, ya rubuta.
A bariki aka koya maka ita, na sani,
amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ba ni labarin ranar da ta fi muni.

Na dubi silin. Injin ƙasa ya tsaya.

Na ce, Ingrid ce ke ɗaure mini igiyar takalmi.
Takan durƙusa da safe kafin ta tafi aiki,
ta yi ta surutun farashin mai
don kada mu ji shirun.
Na ce, jikata ta miƙo hannu in ɗaga ta,
na yi kamar ban gani ba.
Na ce, idan ƙanƙara ta zuba
yaron maƙwabta ke share mini ƙofa,
ni da na share wa unguwa shekara ashirin.
Dare kuwa,
dare ban faɗa ba. Ta bar layin a buɗe.

Ta tono takardar asibitin soja
da wani sajan ya sa wa hannu ina ɗan ashirin da uku:
kunne, in ji takarda. Ba kafaɗa.
Ta nemo Darnell mai tuƙa ƙugiya,
wanda ya kai ƙarar igiyar sau biyu kafin ta tsinke.
Ya zo da rigar coci, yana gumi cikin sanyi.

Gaban alƙali, bakina ya ɗauko tsohuwar kalmar.
Lorraine ta yi tari.
Na haɗiye ta, na ce, ranka ya daɗe, ba na iya maɓalli.

Wata goma sha tara kafin wasiƙu su iso.
Kaza na kunne, kaza na kafaɗa,
yatsu kowanne da farashinsa.
Ba su tsiro ba.
Amma an biya bashin gida,
Ingrid ta daina aikin dare,
na sayi takalmi marar igiya.

Jiya ta durƙusa bisa sabo,
ta ga babu abin ɗaurewa.
Ta daɗe a nan, hannunta kan ƙafata.
Can tafki jirgi ya yi kuka,
na juya masa kunnen dama.